Marubuci a tsakiyar littafi: yaushe zai karanta na wasu, yaushe zai huta, yaushe zai sanar da jama'a?

Ɗalibar Rubutu:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Tambayata tana da rassa uku, amma ina jin saiwarsu ɗaya ce. A ɗauka mutum yana rubuta ƙagaggen labari mai tsawo, ya wuce babi na goma, ɗokin farko ya kwanta, ƙarshen kuma ko hango shi bai yi ba. Ana cewa marubuci ya yawaita karatu, ana kuma cewa idan yana tsakiyar rubutu ya nisanci littattafan wasu kada salonsu ya shige masa. Wanne za a kama? Sai 'yan abubuwan jin daɗi na yau da kullum, irin su miƙe ƙafa da yamma, sabon biro, hira, zama a inuwa: suna taimakon aikin ne, ko lalaci ne aka sa wa riga? Na ƙarshe, yaushe ya dace ya fara gaya wa mutane cewa littafi na nan tafe? Don Allah a ba ni amsa da lissafi, kalma nawa, shafi nawa, wata nawa, da inda aka fi yin tuntuɓe.

Mai Jan Biro:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tunda lissafi kika nema, da shi za mu fara, domin sai an san yawan aikin rana kafin a san inda za a ajiye hutu.

Manyan kamfanonin ɗab'i na duniya sun fi karɓar labarin manya mai kalma tsakanin 70,000 da 100,000. Mu ɗauki 80,000. Wanda yake ajiye kalma 500 a rana yana buƙatar ranakun aiki 160. Idan kwana shida yake yi a mako, mako 27 ke nan, wata shida da 'yan kwanaki. Kalma 500 kuwa shafi biyu ne kacal na takarda idan an buga da harafi mai lamba 12 da tazarar layi biyu. Graham Greene na Ingila ya yi shekaru yana aiki da wannan adadin, da ya cika sai ya ajiye alƙalami. Anthony Trollope, shi ma na Ingila, yakan zauna tun ƙarfe 5:30 na asuba da agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti 15, ya yi awa uku sannan ya wuce aikinsa na gidan waya. Da haka ya bar ƙagaggun labarai 47. Abin da mutane ke mantawa game da shi, rabin awar farko a karanta abin da ya rubuta jiya yake kashe ta, don kunnensa ya koma kan muryar littafin kafin ya ci gaba.

Kada ki ari lambar wani. Ga yadda ake gano ta mutum: a yi mako biyu ana rubuta abin da aka samu kowace rana ba tare da matsa kai ba. A cire ranar da ta fi yawa da wadda ta fi ƙaranci, a fitar da matsakaicin sauran, sannan a rage kashi ɗaya cikin biyar. Idan matsakaicin 600 ne, ma'aunin ya zama 480. Ana rage shi ne don ya zama abin da za a iya cikawa ko a ranar ciwon kai, ko ranar da baƙi suka zo. Ma'aunin da sai a rana mai kyau ake cika shi, kunya kawai yake tara wa mai shi.

Tuntuɓen da ya fi kayar da mutane a tsakiyar littafi shi ne bashi. Mutum ya rasa kwana uku, sai ya ce ranar ta huɗu zai rubuta 2,000 ya rama. Tun kafin ya zauna aikin ya yi masa nauyi, sai ya ɗaga zuwa gobe, bashin ya zama 2,500. Bashin rubutu yafe shi ake yi. Ranar da aka dawo, 500 ɗin nan ake nema, ba ƙari.

Wani kuma shi ne komawa babi na ɗaya. Da tsakiya ta yi tauri, sai hannu ya riƙa kai wa farkon littafi, domin can ne komai ya riga ya zauna, gyaransa akwai daɗi. Ana iya shafe wata uku ana goge babi uku na farko, alhali idan labarin ya kai ƙarshe mai yiwuwa a zubar da biyu daga cikinsu. Maganinsa takarda guda a gefe mai taken "gyaran baya". Duk abin da ya faɗo, misali a babi na huɗu ya kamata a nuna tauraruwar tana tsoron ruwa, a rubuta shi a layi ɗaya, a ci gaba da labarin kamar an riga an gyara.

Sai zubar da guga har ƙasa. Ranar da alƙalami ya yi gudu, mutum yakan rubuta duk abin da ke kansa, washegari ya tarar da rijiya a ƙafe. Ernest Hemingway, marubucin Amurka, ya ce shi yakan tsaya ne a daidai inda ya san abin da zai biyo baya. A aikace, a bar layi biyu a ƙasan shafi: wa zai shigo, me zai nema, me zai hana shi. Da safe ba za a fara daga farin shafi ba.

Maganar jin daɗi kuwa, agogo ne yake raba hutu da gudun aiki. Yawon minti talatin bayan an cika ma'auni lada ne. Yawon nan dai kafin a rubuta ko layi ɗaya, sau da yawa zillewa ce. Abin da na yarda a yi kafin aiki shi ne ɗan share fage da bai wuce minti goma ba, kuma iri ɗaya kullum: share tebur, buɗe taga, fere fensir, karanta shafi biyu na jiya. Jiki yana saba wa jerin, ya gane lokaci ya yi. Ranar da kika ga share fagen ya fara tsawo, sabon biro ya zama fita neman biro, to a datse shi.

Anti Makaranciya:

'Yar'uwa, reshen karatu zan kama. Masu cewa a daina karatu har a gama littafi ba su yi lissafin da Malam ya yi a sama ba. Wata shida zuwa shekara ake magana, wani ma shekara uku. Marubucin da ya yi wannan tsawon bai karanta komai ba, kalmominsa suna ƙanƙancewa, ya koma maimaita siffofi biyar da ya saba. Amma tsoron nasu yana da tushe, salo yana shiga. Sai dai ba ta ƙofar jigo ya fi shiga ba, ta kunne yake bi: tsawon jimla, yadda ake buɗe zance tsakanin taurari, yadda ake rufe sakin layi. Shi ya sa maganin yake a tazara da zaɓi.

Tazara tukuna. Kada a karanta ƙagaggen labarin wani a cikin awa biyu kafin a zauna rubutu. A kai shi bayan aiki, mafi kyau da dare, barci ya shiga tsakani, sannan da safe abin da ido zai fara gani ya zama shafi biyu na mutum kansa. Wanda rubutunsa na dare ne sai ya juya, ya karanta da rana.

Zaɓi kuma, a nemi abin da ya yi nesa da aikin da ke kan tebur. Mai rubutu da bakin tauraro, wato "na tashi, na ga", ya karanta wanda aka rubuta daga waje, "ya tashi, ya ga". Mai labarin soyayya ya ɗauki tarihi, ko labarin tafiya, ko waƙa, ko littafin da ke bayanin wata sana'a. Littafin da ya fi haɗari shi ne wanda ya yi kama da naki kuma ya fi naki kyau. Ko dai ki kwaikwaye shi ba ki sani ba, ko gwiwarki ta yi sanyi. A ajiye irinsa sai an gama daftarin farko.

Akwai gwaji idan ana zargin salo ya gurɓata. A ɗauko shafi ɗaya daga babi na uku da shafi ɗaya na wannan makon, a karanta su a bayyane ɗaya bayan ɗaya. Sannan a ƙirga kalmomin jimla goma a kowanne. Idan da matsakaicin jimla kalma 12 ne yanzu ya koma 25, kuma babu abin da ya faru a labarin da ya kawo haka, a dubi littafin da ke gefen gado. Kwana uku ba a taɓa shi ba, murya takan dawo.

Yawan karatu ba ya buƙatar jarumta. Shafi 20 a rana kusan kalma 6,000 ne, mai karatu matsakaici zai gama a cikin rabin awa. A kwana 300, shafi 6,000 ke nan, littafi 20 masu shafi 300. Littafin da ya kai shafi 50 bai kama ki ba, ki ajiye shi, amma kafin ki ajiye ki rubuta lambar shafin da hankalinki ya fara tafiya da dalilin da kike zato. Wannan layi ɗaya ya fi yabon littafi mai kyau amfani, domin kuskuren wani ya fi sauƙin gani a kan na mutum.

Karatun marubuci kala biyu ne, kuma ba a haɗa su a zama ɗaya. Na farko don daɗi, ba fensir a hannu. Na biyu feɗewa ce, kuma babi ɗaya ya isa. A koma babin da ya fi riƙe mutum, a ja layi a gefe duk inda fitowa, wato yankin labari da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ta fara da inda ta ƙare. A kowace fitowa a rubuta wa yake son me, a wane lokaci marubucin ya shigo da mu, a ina ya fitar da mu, shafi nawa ta ci. Kusan kullum za a tarar ya shigo a makare ya fita da wuri, ya tsallake gaisuwa da sallama da duk tafiyar da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. A ƙirga layukan zance da na bayani a shafi uku. Mai haƙuri ya kwafi shafi guda da hannu, a nan ne ake ganin inda gwani yake ajiye waƙafi da inda yake barin jimla ta yi gudu.

Wannan kwafin ne yake kawo haɗarin da ba a cika faɗa ba. Jimlar wani da aka rubuta a kundi ba alama, bayan wata takwas mutum zai gan ta da rubutun hannunsa, ya ɗauka tasa ce, ta shige littafi. Haka ake faɗawa satar fasaha ba da niyya ba, kuma mai karatu ba ruwansa da niyya. Maganar wani a rubuta ta da jan biro, da alamar zance, da sunan mai ita da lambar shafi. Tunanin kai da shuɗi. Ba a sassauta wannan ko sau ɗaya.

Karatun bincike shi ma yana cin mutane. Ana son sanin yadda ake ɗinke rauni don sakin layi ɗaya, sai a wayi gari an yi mako biyu a littattafan likitanci. A sa alama a daftari, misali kalmar DUBA da manyan haruffa, a wuce. Rana ɗaya a mako a nemo su duka a cike gurabe.

Malamin Adabi:

Malam Mai Jan Biro, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a wuri biyu.

Ƙirgen kalma yana aiki ne a daftarin farko, kuma ga wanda hannunsa ke da sauri. Ranar gyara mutum zai iya yin awa uku ya tashi littafin ya ragu da kalma 400, kuma ranar ta fi kowace albarka. Akwai kuma masu rubutun da jimla ba ta barinsu su wuce sai ta zauna. Gustave Flaubert na Faransa ya yi daga 1851 zuwa 1856 a kan littafi ɗaya, yakan yi kwana da kwanaki a shafi guda, yana karanta jimlolinsa da ƙarfi don ya ji inda suka yi karo. Irin wannan idan aka ɗora masa 500 a rana, kullum a matsayin wanda ya gaza zai kwana. Shi lokaci zai ƙirga: minti 90 ƙofa a rufe, waya a wani ɗaki, ko ya rubuta ko ya zauna yana kallon takarda, amma ba zai yi wani abu daban ba. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1988, ya yi shekaru da dama yana aikin gwamnati da safe, rubutu kuma a sa'o'in da ya keɓe bayan ya tashi. Abin da ya haɗa shi da Trollope sa'ar da ba ta motsi ce.

Ja na biyu a kan ɗaukar jin daɗi a matsayin lada kawai. Wasu daga cikinsu cikin aikin suke, musamman tafiya a ƙasa. Charles Dickens na Ingila yakan yi rubutu da safe zuwa wajen ƙarfe biyu, sannan ya fita doguwar tafiya. Haruki Murakami na Japan ya bayyana cewa idan yana kan littafi ƙarfe 4 na asuba yake tashi, ya yi awa biyar zuwa shida, da rana ya yi gudun kilomita 10 ko iyon mita 1,500, ƙarfe 9 na dare ya kwanta. A 2014 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz, sun gwada mutane a zaune da kuma suna tafiya, suka ga masu tafiya sun fi kawo sababbin dabaru, har da waɗanda suka yi tafiyar a kan na'ura a cikin ɗaki. Amma a tambayar da amsarta ɗaya ce tak, tafiyar ba ta taimaka ba. Ma'anarsa ga marubuci, matsalar "ta yaya za ta gano ya yi mata ƙarya" a fita da ita waje, gyaran jimla kuwa na tebur ne. Saboda haka idan an cije a tsakiyar zama, ban ga laifin tashi ba ko ma'auni bai cika ba, da sharaɗi: a fita da tambaya ɗaya, kunne ba komai a ciki, minti 20 zuwa 40, ɗan littafi a aljihu, a dawo teburin kai tsaye.

Sannan waɗannan ƙananan abubuwa su ne kayan ginin labari. Daftarin da ya mutu a tsakiya, idan aka duba, yawanci taurarinsa sun daina taɓa komai, magana kawai suke yi a ɗakin da ba shi da ƙofa ko wari ko zafi. A riƙa rubuta abu uku da aka lura da su kowace rana, minti biyar ya isa. "Yamma ta yi kyau" ba lura ba ce. Lura ita ce dattijon da ke ninke takarda sau huɗu kafin ya sa ta aljihu, ko yaron da ke ƙirga matakala da baki duk hawa, ko yadda sanyin ƙasa ke ratsa tafin ƙafa idan an cire takalmi bayan doguwar rana. A ƙarshen mako a duba, a tambayi kai wane tauraro ne zai lura da wannan. Mugun da aka ba shi abu ɗaya da yake jin daɗinsa tsakani da Allah, ko da shayar da shuka ne, ya fi tsoratarwa a kan wanda mugunta ce kawai aikinsa.

Hutun da ba hutu ba shi ne latsa waya. Kan da ya yi awa biyu yana juya kalmomi, an sake cika shi da kalmomin mutum ɗari. Aikin hannu ya fi sauke shi: wanki, shara, gyaran wani abu da ya lalace, wasa da yaro. Ido ma yana da haƙƙi. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 a kan kwamfuta a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Rana ɗaya a mako kuma a rufe littafin gaba ɗaya, ko leƙe ba a yi.

Ɗalibar Rubutu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, dabarar jan biro da shuɗi ta shige ni. Saura reshe na uku ba a taɓa ba. Kuma idan daftarin farko ya kammala, tsawon wane lokaci ne tsakaninsa da littafi a hannu? Ina ganin wannan ne zai nuna lokacin da ya kamata a buɗe baki.

Ɗan Maɗaba'a:

Malama, kin gano bakin zaren. Yawancin sanarwar da ke komawa abin kunya, mai ita ya ɗauka "na gama rubutu" daidai yake da "ya kusa fitowa". Tsakaninsu akwai tafiya.

Daftari yana gamawa a ajiye shi mako huɗu zuwa shida ba a buɗe ba. Stephen King, marubucin Amurka, mako shida ya ba da shawara, ya kuma ce daftari na biyu ya ragu da kashi goma cikin ɗari. Wannan ne lokacin cinye littattafan da Anti ta ce a jinkirta. Bayan nan a buga shi a takarda, a karanta a zama biyu ko uku, ana sa alama kawai. Gyaran farko na gini ne: babin da za a cire, tauraron da ya ɓace tun babi na bakwai ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ƙarshen da ya zo a guje. Wata biyu zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne. Sai a ba mutum uku zuwa biyar su karanta, da tambayoyi takamaimai: a wane shafi ka ajiye, ina ka rikice, wa ka manta ko wane ne. "Ya ka gani?" amsarta "ya yi kyau" ce, ba ta gyara komai. Abin da mutum ɗaya ya yi ƙorafi a kai ra'ayi ne. Wanda uku suka tsaya a kansa, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba daidai ba ne.

A hannun kamfani tacewa hawa uku ce, kuma a jere: ta gini, ta jimla, sai ta ƙa'idojin rubutu. Wanda ya biya a gyara masa aya da waƙafi kafin gini ya zauna, ya biya kuɗin fentin bangon da za a rushe. Daga nan a tsara shafuka, a fitar da bugun gwaji. Gyara a wannan matakin na kuskure ne kawai, domin ƙarin layi biyu a shafi na 40 yana iya tura sauran babin gaba har ya canza lambobin shafi. A duba sunayen taurari ɗaya bayan ɗaya, da taken babi a kan abin da ke jerin farko, da haruffa na musamman idan harshen yana da su, saboda wani zubin harafin ba ya ɗauke da su, sai ya mayar da su akwati ko ya ari wata siffa daban. Bango ba ya kammala sai an san yawan shafi da kaurin takarda, tunda su ne ke ba da faɗin ƙashin bayan littafi. Injin buga littafi da yawa kuma a manyan takardu yake bugawa, a ninke su zuwa shafi 16 ko 32, shi ya sa ake ganin fararen shafuka a ƙarshen wasu littattafai. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, tun 2007 lambobi 13 gare ta, kuma bugun takarda da na karantawa a waya kowanne da tasa. A manyan kamfanoni, daga sa hannu a yarjejeniya zuwa fitowa yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu. Mai buga nasa da kansa zai fi haka sauri, amma matakan ba su ragu ba, ɗaukarsu kawai ya yi a kansa.

To, yanzu sanarwa. "Ina kan wani aiki" ana iya faɗa kowane lokaci, ba ta ɗaure kowa. Labarin kansa kada a riƙa bayar da shi da baki. Abin da ke zaunar da mutum a tebur shi ne ƙaiƙayin son ya faɗa, wanda ya faɗa sau biyar a hira ya riga ya sosa. Sunan littafin ma a riƙe shi, yana canzawa har ranar ƙarshe, wani lokaci kamfani ne zai nemi a canza. Maganar kamfani sai an sa hannu, kafin nan cinikin biri a sama ne, kuma a karanta takardar, wasu sukan rubuta cewa su ne za su fara sanarwa. Kuɗin kafin alƙalami, inda kamfani ke bayarwa, kashi-kashi yake zuwa, kuma daga kason marubuci na ciniki ake cire shi, ba kyauta ba ce, don haka ba labarin da za a yi shela da shi ba ne. Ranar fitowa kada a ambata sai an amince da bugun gwaji an kuma ji daga bakin maɗaba'a, sannan a ƙara wata ɗaya a kan abin da suka faɗa. Kafin nan a ce "ƙarshen shekara" ko "farkon baɗi". Wanda ya sa rana sau biyu ya ɗaga, ta uku ba mai saurarensa.

Sakin babi a intanet don ɗanɗano yana da nasa tarko. Kamfanoni da gasanni da yawa suna ɗaukar abin da aka saka a fili a matsayin wanda an riga an wallafa, su ƙi karɓa. A karanta ƙa'idarsu tukuna. Sakin layi ɗaya ko biyu ba ya cutarwa.

Labarin da ba marubucin da ke son bayarwa shi ne na ɓatan rubutu. A 1922 aka sace jakar da ke ɗauke da kusan duk rubuce-rubucen farko na Hemingway a tashar jirgin ƙasa a birnin Paris, asali da kwafi duka a jaka ɗaya. Chinua Achebe kuma a 1957 ya aika kwafi ɗaya tilo na littafinsa na farko da ya rubuta da hannu zuwa wani kamfanin buga tafireta a Landan, aka yi watanni shiru, sai da wata shugabarsa a gidan rediyo ta je can da kanta ta matsa musu, littafin ya fito a 1958. Ƙa'idar ajiya ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban: na kwamfuta, na filas, da wanda mutum ya tura wa kansa ta imel. Duk ƙarshen mako a adana sabo da kwanan wata a sunansa, kada a danne tsohon, domin babin da aka goge a watan uku ana iya nemansa a watan tara. Mai rubutu da hannu ya ɗauki hoton shafukan ranar kafin ya tashi.

Mai Jan Biro:

Malamin Adabi, na karɓi gyaran a kan ranakun tacewa, lokaci ake ƙirgawa a nan. Yawon tsakiyar aiki kuwa, sharaɗinka na dawowa tebur kai tsaye shi ne wanda aka fi karyawa, don haka ga sabon hannu ina nan a kan bakana.

Ƙanwata, mataki ɗaya ya rage a jerin Ɗan Maɗaba'a, karatu a bayyane kafin a miƙa wa edita. Baki yana karanta kusan kalma 150 a minti, littafi mai 80,000 zai ci wajen awa tara. A raba shi awa ɗaya a rana, kwana tara, da ruwa a kusa, domin bayan awa guda murya da kunne duk sun gaji, mutum ya koma karanta abin da yake zaton ya rubuta. Duk inda numfashi ya yanke kafin aya, ko harshe ya sarƙe, ko taurari biyu suka yi magana da murya ɗaya, a sa ɗigo a gefe a wuce. Gyaran sai washegari da safe, kafin a fara karatun ranar.